Koriyar Tsibirin Manda

Da sunan Wanda ya rina sama ba tare da baba ba, ya shimfiɗa ƙasa ba tare da masaƙa ba, ya ba kowane tsiro launinsa, ya ba kowace al'umma harshenta. Na nesa ya matso, na kusa ya gyara zama. Ni ne Nahantsi ɗan marina, wanda hannunsa ya yi shuɗi tun bai san damansa da hagunsa ba. Zan ba ku labarin abin da ƙafata ta taka, idona ya gani, da yadda na shiga inda ake shiga ba a fita.

Mahaifina marini ne a Karofin Dutse, shi ke rina tutocin mayaƙa da na fatake. Wata rana na tambaye shi abin da ke sa mutum ya yarda a sare masa hannu bai saki sandar tuta ba, alhali ƙyalle ne da ni na wanke, na shanya, har akuya ta taka. Ya ce shi aikinsa a bakin karofi ya tsaya. In ina son sanin abin da ƙyalle ke zama in ya hau sanda, sai in bi shi in gani. Shi wasa yake yi, ni kuwa na ɗauka da gaske. Kafin damina ta faɗi na rataya jaka.

Shekara bakwai ina yawo. Na ga ƙasar da tutarsu zanen mace ne ɗaure a taɓarya, don ranar da mazansu suka gudu daga fagen fama wata mai daka ce ta kwance zanen goyonta ta ɗaga, kunya ta mai da su. Na ga birnin da tutarsa ke da ƙatuwar huda a tsakiya, inda suka yanke tambarin wani azzalumin sarki, suka ƙi cikewa don kada jikoki su manta. A Birnin Ƙofa Biyu kuwa saura ƙiris in bar kaina. Wa da ƙane ke jayayyar sarauta, ɗaya da jar tuta, ɗaya da fara, kuma duk baƙon da ya iso sai dogaran ɓangarorin biyu su tsare shi su ce ya nuna tutar gari. Ka nuna ja, masu fara su sare ka. Ka nuna fara, masu ja su yi. Sai na kafe idanuna sama, na shiga lalube da sanda, ina tambaya ko na iso gari ne. Suka kama hannuna suka fitar da ni ta ɗaya ƙofar, har da guzurin dabino.

Wannan tsira ta sa na fara ganin kaina mai wayo ne. Da wannan ganin na isa bakin Tafkin Manda.

Tafki ne da ba a hango ƙarshensa, ruwansa gishiri. Can a tsakiya akwai tsibiri fari fat, bisa shi doguwar hasumiya, bisa ita tuta shuɗiya. Jirage goma sha biyu cike da 'yan baka suna kewaya shi daga nesa, ba dare ba rana. Na sauka a gidan wani tsohon mai fito, Baƙo, shi ya warware mini al'amarin. Ya ce duk garuruwan tafkin tuta uku suka sani: ja yaƙi, shuɗi annoba, kore lafiya. Garin da ya ɗaga shuɗi, kowa na iya shiga, amma ko kaza ba ta fita sai ya ɗaga kore. Kuma ba a sauraron baki, don a zamanin kakanni wani gari ya rantse da baki cewa ya warke, aka buɗe masa hanya, cuta ta cinye rabin gaɓa. Tsibirin nan kuwa shekara sittin ke nan shuɗi yake ɗagawa.

Na ce da shi wace irin annoba ce za ta shekara sittin ba ta ƙarar da mutane ba, ga hayaƙin girki yana tashi? Ya ce su ma sun sha yin wannan tunani, amma mai lafiya ba ya kiran kansa majinyaci. Mutanen tsibirin ne da hannunsu suke ɗaga tutar kowace safiya. Na ce zan je in gani. Ya yi ta ba ni baki har kwana biyu. Da ya ga ba zan ji ba, ya jawo wani tsohon kwalekwale ya ba ni, ya ce ba aro ba ne, kyauta ce, don ba a ba da aron abin da ba zai dawo ba.

'Yan baka suka buɗe mini hanya. Na isa tsibiri da azahar.

Ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Ƙasa gishiri, gidaje tubalin gishiri, ba itace, ba ciyawa, ko ƙaya babu. Ruwan sama suke tarawa a manyan rijiyoyi da aka fafe cikin dutse. Abincinsu kifi da ƙwan tsuntsayen ruwa, suturarsu fatar kifi da gashin tsuntsu, makamashinsu busasshen kashin tsuntsu. Amma mutanen lafiyayyu ne garau, ko mai tari ban ji ba. Suka yanyame ni suna shafa rigata, don yawancinsu ba su taɓa taɓa auduga ba. Sai na ji wata mata tana ce wa 'yar'uwarta ta dubi yadda hannuna yake kore shar. Na dubi hannuna, shuɗi ne kamar kullum. Na nuna sama na tambaye ta launinta. Ta ce kore. Na nuna tutar da ke kan hasumiya. Suka amsa baki ɗaya cewa ai ita ce Koriya, tutar lafiya, wadda suke ɗaga wa maciya amanar gaɓa shekara sittin, su kuwa suna amsa musu da kibiya.

Wayona ya ce mini abu mai sauƙi ne. Washegari da sassafe na koma kwalekwale na nufi jiragen, ina ɗaga hannu ina kiran sunan Baƙo, ina cewa kuskure ne, kowa lafiya. Kibiya ta farko ta faɗa ruwa a gabana. Ta biyu ta kafe a bakin kwalekwale. Ta uku ta shige cinyata. Da hannu ɗaya na tuƙa na komo, ɗayan yana toshe jini.

Wadda ta cire mini kibiyar wata tsohuwa ce, Inna Tabawa, ita ce Uwar Tuta. Ita ke saukar da Koriya da faɗuwar rana, ta naɗe, ta rufe ramukanta da zaren da take warewa daga tufafin mutanen da, kuma ba mai taɓa tutar sai ita. Da na fara takawa aka kai ni gaban shugabansu, Magaji Arzika, dogon mutum mai ƙarancin magana. Ya yi mini jaje, ya ce yanzu na ga halin mutanen gaɓa da idona. Shekara uku da suka wuce ɗansa Barau, shi kaɗai gare shi, ya ɗauki samari goma suka nufi jiragen da hannu sake, yana ɗaga wani ƙyalle mai launin Koriya. Ruwa ne ya dawo da su ɗaya bayan ɗaya.

Da na san ciwon kaina da na yi shiru na nemi hanya a hankali. Amma na buɗe baki a gaban fada cike na ce, "Ranka ya daɗe, ai tutar nan ba koriya ba ce. Shuɗiya ce. Shekara sittin kuna gaya wa duniya annoba na cinku."

Magaji ya dube ni. Sannan ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, gishiri ya taɓa wa baƙo ido. A saka shi inda haske ba zai dame shi ba har ganinsa ya dawo.

Aka zura ni da igiya cikin wata busasshiyar rijiya mai zurfin gaba takwas. Faɗinta bai kai in miƙe ƙafa sosai ba. Bangonta santsi, gishiri na cin miki, sama kuwa ta zama kamar faifai. Da hantsi, in iska ta kaɗa gabas, gefen tutar yakan gifta ta bakin rijiyar, shuɗi a kan shuɗi. Na ƙirga kwana goma, na ƙirga ashirin, daga nan lissafi ya kwance mini. Na yi ƙoƙarin haƙa matakai da ƙashin kifi, ƙashin ya ƙare bango bai san ana yi ba. Abin da ya fi cin raina shi ne ko na fita daga rijiyar, wata rijiyar ce mai faɗi ke jirana, mai bangon ruwa da kibau. Kullum mai gadi yakan leƙo ya tambaye ni launin tuta. Sau biyu na buɗe baki zan ce kore, sai in tuna in na faɗa, nan zan tsufa in mutu ina cin kifi, in rufe bakina.

Inna Tabawa ce ke zuro mini abinci. Ran nan bayan ta zuro ƙwarya sai ta zauna a bakin rijiyar, ta tambaye ni, in wannan ba kore ba ne, to mene ne kore? Na ce launin ganye. Ta ce ba ta san ganye ba. Na ce ciyawa, na ce ɗanyen mangwaro, na ce hawainiya a kan reshe. Duk ba ta san ko ɗaya ba. Ni da na yi shekara ashirin a bakin karofi, na rasa yadda zan kwatanta launi guda.

Sai ita ta shiga ba ni labari. Ta ce tana 'yar shekara biyar annoba ta ɗauke. Manya duka sun mutu sai 'yan ƙalilan, marina kuwa ko ɗaya bai rage ba. Yawancin waɗanda suka tsira yara ne. Mahaifiyarta, wadda ɗinki ta iya ba rini ba, ta sauko da tutar annoba, ta sami buhun wata saiwa da wani falke ya mutu ya bari, ta dafa, ta tsoma tutar a ciki, aka ɗaga ana guɗa. Farkon damina ne, lokacin da igiyar ruwa ke hana jirage fitowa har wata huɗu, ruwan sama kuma ya rufe tsibirin ba a hango shi daga gaɓa. Kafin damina ta wuce mahaifiyar ta bi sauran. Sannan ta ce, "Akwai wani launi da nake gani in na rufe ido. Na ɗauka mafarkin yarinta ne. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Duk marini ya san yadda ake kore: a rina shuɗi da baba, a bi shi da ruwan saiwar rawaya. Amma rawaya ba ta zama sai an sa mata alif, farin gishirin marina, ya kama ta. In ba haka ba, ruwa ya wanke, rana ta lashe, baba kuwa ya zauna daram. Yaran da ke kallon tutar kullum ba su ga tana sauyawa ba, kamar yadda uwa ba ta ganin girman ɗanta, kuma ba wani koren abu a tsibirin da za su gwada da shi. Sunan ya zauna, launin ya tafi.

Na tambaye ta ko akwai inda ruwa da rana ba su taɓa kaiwa ba a jikin tutar. Ta ce akwai kalmasar da sanda ke shiga, ninki uku ce, an lulluɓe ta da fatar kifi an shafe da kitse. Ɗinkin mahaifiyarta ne, ba a taɓa warware shi ba, kuma hukuncin wanda ya sa wa Koriya wuƙa, ko da ita ce, a ɗaura masa dutse a jefa tafki. Na ce ba zan roƙe ta ba. Ta ɗauki igiyarta ta tafi.

Kwana uku wata mata daban ke kawo abinci. A na huɗu da hantsi aka zuro igiya aka jawo ni. Haske ya kashe mini ido, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, mutum biyu suka ja ni zuwa gindin hasumiya. Duk tsibirin na nan. Inna Tabawa tana zaune da tutar a cinyarta da 'yar wuƙar ƙashi a hannu. Ashe da aka zo ɗaga tuta ta ƙi miƙa ta, ta ce sai an kawo ni da Magaji. Ta dubi Magaji ta ce dutsen da za a ɗaura mata a zaɓo marar nauyi, don kada a wahalar da masu ɗauka. Sannan ta sa wuƙa.

Zare ya yi ta tsinkewa ɗaya ɗaya. Ta ɓare fata, ta buɗe ninki na farko, shuɗi. Na biyu, shuɗi mai ɗan duhu. Ta buɗe na uku.

Faɗinsa bai fi yatsa uku ba, amma tun daga sama har ƙasa kore ne shar, kamar an tsame shi jiya. Mutane suka ja da baya. Wata mata ta rufe wa jaririnta ido. Inna Tabawa kuwa sai shafa shi take yi da yatsa, hawaye na bin kumatunta.

Magaji ya durƙusa ya daɗe yana dubawa. Bai ɗago ba ya tambaye ni, "Da wannan launin Barau ya ɗaga, da sun harbe shi?"

Na so in sassauta, amma ban ga ta inda zan bi ba. Na ce, "Da ba su harbe shi ba."

Ya tashi ya shiga gida, bai fito ba sai bayan kwana biyu, ya rame kamar wanda ya yi jinyar wata. Ya ce ya ɗage wa Inna Tabawa hukunci. Ni kuma ya ba ni tutar in mai da ita yadda take. In ta lalace a hannuna, ko aka ɗaga ba wanda ya zo, zan koma rijiya, wannan karon da murfi.

To, ina zan sami rawaya a ƙasar da ba tsiro? Na yayyage shuɗiyar rigata na yi ta gwaji. Na gwada kwaiduwar ƙwai, ta bushe ta ɓare. Na gwada wani jan laka na bakin ruwa, ya ba ni launin toka. Na gwada tsatsar tsofaffin ƙusoshi, ta ba ni baƙi. Rigar ta kusa ƙarewa. Ina zaune wajen mata masu gyaran kifi, na rasa abin yi, sai ɗaya ta fasa matsarmama bisa kuskure, ruwan ya fantsamo wa ƙyallen da ke hannuna. Na ɗaga zan goge, sai na ga wurin ya koma kore. Ba kyakkyawan kore ba, mai duhu ne kamar tsohon ganyen kuka, kuma na san ba zai yi mako ba. Amma kore ne.

Kwana bakwai duk mai hannu a tsibirin yana kamun kifi. Aka tara matsarmama ta cika tukwane huɗu, wari ya hana kowa cin abinci. Na tsoma tutar sau uku, ina shanyawa a inuwa. Da safiyar rana ta takwas Inna Tabawa ta ja igiya da kanta.

Ranar farko jiragen suka ci gaba da kewayawa kamar ba su gani ba. Rana ta biyu suka tsaya, suka taru wuri guda, da la'asar kuma duka suka juya gaɓa, tafki ya zama wayam. Wasu suka ce an tafi ɗebo mayaƙa ne. Rana ta uku na ɗaga kai na ga gefen tutar ya fara komawa shuɗi, ga hadari yana haɗuwa a gabas. Ruwa ɗaya ya isa ya wanke aikin duka. Magaji ya sa aka mirgino faffaɗan dutse aka ajiye a bakin rijiya. Ba don mugunta ya yi ba. Mutum ne da in ya faɗi magana ba ya tsallake ta. Na je na zauna kusa da Inna Tabawa a gindin hasumiya, muna kallon ruwa.

Iska ta fara tashi lokacin da wani mai ido ya hango ɗigo. Jirgi ɗaya ne, mutum ɗaya a ciki, yana fama da igiyar ruwa. Da ya matso na gane Baƙo. A goshin jirgin ya kafa wani ƙaton reshen ɗorawa da ganyensa, wanda ashe shi ne amsar da dokar tafki ta ce a ba koriyar tuta. Daga baya ya gaya mini kwana biyu dattawan gaɓa suna gardama, wasu na cewa tarko ne. Shi ya ce musu shekara sittin sun kashe mutane don sun gaskata ƙyalle; in yau suka ƙi gaskata shi, to, ashe ba doka suke bi ba tun farko. Da ba wanda ya yarda ya zo, ya ce shi ya tsufa, in cuta ce ta ɗauke shi.

Ya sauko da reshen a kafaɗa, ruwan sama ya fara sauka. Ba wanda ya gudu. Mutane suka yi layi, kowa na tsinkar ganye ɗaya, wasu na shinshinawa, wasu na sa wa a baki. Inna Tabawa ta ɗora nata a tafin hannu ta ce, "Shi ne. Ashe ban yi mafarki ba." A bisa kanmu kuwa ruwa na wanke tutar, koren na ɗiga a jikin hasumiya.

Na ƙara kwana arba'in a tsibirin, amma da ƙafata na zauna. Aka kawo farin saƙi daga gaɓa, da baba, da rawaya, da alif, na rina musu sabuwar tuta, na koya wa mata shida yadda za su sabunta ta duk shekara. Mutane suka yi ta haye tafki suna dawowa da labarin itatuwa da shanu. Magaji Arzika bai taɓa hayewa ba. Ranar da za a ɗaga sabuwar ya zo wurina da wani yanki da ya yanko daga tsohuwar, faɗin tafin hannu, shuɗi. Ya ce a ɗinka shi a kusurwar sama. Na ce masa mutanen gaɓa za su tambayi ma'anarsa. Ya ce, "Su tambaya. Sunaye goma sha ɗaya ne, duk mun haddace."

Inna Tabawa ce ta ɗinka. Washegari Baƙo ya fito da ni gaɓa, ina ɗingishi, na kama hanyar yamma.

Iyakar abin da na gani ke nan a Tafkin Manda. Inda na ƙara Allah ya yafe mini, inda na rage ku yafe mini, kowa ya tashi lafiya.